Motar Alhaji Ba Ta da Fiffike

Duk daɗewar da na yi a aikin nan, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis da muka dawo tashar Lit, wata guda bayan an gama aikin Hajji. Ku da kuka shigo kwanan nan na san kuna yi mini dariya a bayan ido, don ina tsare kowane baƙo a bakin tsani ina tambayarsa inda zai nufa idan ya sauka. Har suna kun sa mini, wai ɗan sandan kan hanya. Na ji, ban kuma ji haushi ba. Amma ku zauna ku ji inda tambayar ta samo asali.

Ni haifaffen unguwar Nakkasa ne a Makka, tun da aka rushe layinmu muka koma unguwar Shisha. A lokacin da abin ya faru ina shekara ta tara ina jagoran masu nutso a wani jirgin ruwa da ake kwana a cikinsa. Mukan ɗebi baƙi daga Lit, kudu da Jidda, mu yi kwana huɗu a Bahar Maliya ba mu taka ƙasa ba, ana nutso sau uku a yini. Mutum uku ke da faɗa a ji. Rayyis shi ke tuƙa jirgi, maganarsa ce ta ƙarshe a kan iska da igiyar ruwa. Jagora, wato ni, shi ke cewa wa zai shiga ruwa, zurfin nawa, minti nawa. Sai mudir, wanda ke zaune a tudu cikin sanyin ofis yana kula da takardu da farin cikin baƙi. Namu mudir bai taɓa sa fuskarsa a ruwan teku ba, amma ba za ka gane haka daga bakinsa ba.

A cikin baƙin wannan zuwa akwai Nasiru, maƙwabcina a Shisha, mai shagon darduma da carbi. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, mutum mai sanyin hali. Ya yi kwas a Jidda ya sami takarda, ya ɗan yi nutso daga bakin gaɓa, amma bai taɓa kwana a jirgi ba. Ni na kwaɗaita masa tafiyar, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba.

Na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowane sabon shiga. Ya zo da jaka mai laushi, don ɗakin jirgi ba ya ɗaukar akwati. Ya sha maganin jiri tun kafin a kwance igiya, don idan amai ya fara magani ba ya zama a ciki. Ya yi ta shan ruwa ko ba ya jin ƙishi. Kada ya ce sai ya yi kowane nutso don ganin idon abokan tafiya. Ranar da jiki ya ce a'a, ya zauna ya sha shayi da rayyis. Kuma kada ya haura sama da sauri, ya tsaya minti uku a mita biyar kafin ya fito. Nasiru ya bi duka, ba gardama. Da kowane baƙo haka yake, da yanzu ba ni da furfura. Ranar da ya ga kunkurun teku a gefen murjani sai da ya fito yana hamdala da bututu a baki.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in yi bayani. Iskar da mai nutso ke shaƙa daga tulun bayansa, wani ɓangarenta yana narkewa cikin jini saboda nauyin ruwa. Idan ya fito, sai a hankali take fita ta numfashi. Wanda ya yi kwana huɗu yana nutso, jikinsa kamar kwalbar lemo ne da aka girgiza: in ka buɗe a hankali ba komai, in ka fizge murfin sai kumfa. Hawa sama shi ne fizge murfin. Kumfar nan idan ta tashi a gaɓa ciwo ne, idan ta tashi a laka kuwa ƙafafu ne ke tafiya. Shi ya sa ake cewa kada mai nutso ya hau jirgin sama sai ya cika awa ashirin da huɗu.

To a nan matsalar take. Takardar da baƙi ke sa wa hannu daga wata ƙasa aka kwafo ta, inda baƙi daga jirgin ruwa sai filin jirgin sama. Jirgin sama kawai ta ambata. Mu kuwa mutanen Makka, da zafi ya matsa ina muke gudu? Ɗa'ifa. Mu hau dutsen Hada a mota, kusan mita dubu biyu, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Jini bai san bambancin jirgi da mota ba, tsawo kawai ya sani. Sau biyu ina roƙon mudir a ƙara layi ɗaya a takardar nan. Na biyun ya ce mini, "Ya Habu, halas, ya isa haka mana. Kada ka tsorata mini baƙi. Rabinsu Ɗa'ifa suke hutun mako, kana so su fasa zuwa?" Layi ɗaya fa! Na ce a raina zan riƙa faɗa da baki.

Ranar Alhamis muka yi nutson ƙarshe da safe, muka iso tasha da azahar. Mudir na tsaye da sababbin baƙi yana ta duba agogo. Na fara jawabin sallama, ina kan maganar jirgin sama ya daga murya, "Yalla, yalla, sun sani, sun sa hannu!" Mutane suka watse da jakunkunansu kafin in kai kan maganar dutse. Ban damu da Nasiru ba, don mun shirya tare za mu koma Shisha a motar ma'aikata.

Sai ga wata babbar mota ta tsaya. Alhaji Sale ne, yayan Nasiru, ɗan kasuwa, irin mutanen da idan sun yi magana a gidansu ba a ƙarawa.

"Nasiru, ɗauko jakarka. An mai da ɗaurin auren Maryam Ɗa'ifa, mun kama istiraha, gidan biki, a can. Wa zai tara mutane a wannan zafi? Kwana uku ina neman wayarka."

Maryam 'yar Alhaji ce, malamar makaranta. Nasiru ya san da auren, amma ya bar shi a kan masallacin unguwa za a yi bayan magariba. A tsakiyar teku waya ba ta shiga, bai ji an canza wuri ba. Kuma a al'adarmu ƙanin uba ne ke ba da aure a gaban jama'a, ko da sunan uba za a rubuta a takarda. Nasiru ne waliyyi.

Na matsa na gaishe shi, na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, Nasiru ba zai hau Ɗa'ifa yau ba. Da safen nan ya fito daga ruwa. Sai gobe war haka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam Habu, in ji wa?"

"Ƙa'idar aikin ce. Hawan dutse ɗaya yake da hawan jirgi. A wakilta wani, ko a ɗaura a Makka a hau gobe."

"In wakilta bare ƙanina na raye? Nasiru, ba ni takardar da suka ba ka." Ya karanta, ya ɗaga ta sama. "Nan jirgin sama aka rubuta. Ka ga fiffike a jikin motata?"

Direbansa ya yi dariya. Alhaji ya yafito mudir, ya tambaye shi da Larabci ko akwai matsala. Wallahi har yau idan na tuna fuskar mutumin nan sai zuciyata ta tafasa. Ya yi murmushin nan nasa na baƙi, ya dafa ƙirji, ya ce, "Ma fi mushkila, ya Hajj," wato ba matsala. "Mabruk! Habu namu akwai son tsanantawa." Mutumin da ko bututu bai taɓa sa wa a baki ba, shi ya yanke hukunci a kan jinin wani, don kada babban mutum ya ɓata rai a gaban sababbin baƙi.

Na juya ga Nasiru. "Kai ka yi kwas, ka san abin da nake faɗa. Faɗa masa."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jaka. A hankali ya ce, "Malam Habu, Yaya ne fa. Ya zan yi? Lafiyata lau nake ji. Allah zai tsare."

Nan ne nawa laifin. Na ji kunyar ɗaga wa dattijo murya a bainar jama'a, na ji tsoron mudir ya ce na kori baƙi. Na ce, "To, ka yi ta shan ruwa, in ka ji wani abu ka kira ni." Ku ji shawarar banza! Motar ta tashi ina tsaye kamar an dasa ni.

Ban daɗe da isa gida ba, rana ba ta faɗi ba tukuna, wayata ta yi ƙara. Lambar Nasiru, muryar Alhaji.

"Malam Habu, mun iso Hada, ga ɗan'uwanka wai kafaɗa na sara, ƙafafu sun yi nauyi, ya kasa fita daga mota. Sanyin dutse ne ya buge shi. Na sa a ɗora ruwan zafi a gasa shi, akwai ma mai ƙaho a cikin baƙi."

Ban san lokacin da na manta da girmansa ba. "Kada wanda ya taɓa shi da ruwan zafi! Ba gashi, ba tausa, ba ƙaho! Ku kwantar da shi, ku juyo da motar ku sauko yanzu yanzu. Zan kira motar asibiti ta tare ku."

"To ɗaurin auren fa?"

"Alhaji, ƙafafun ƙaninka ake magana!"

Na kira motar asibiti, na gaya musu mai nutso ne ya hau dutse, su zo da oksijin. Na tari tasi na bi hanya. A wajen Arfa na same su, an sa wa Nasiru abin shaƙa a fuska. Ya gan ni, ya ce, "Malam Habu, ina taɓa cinyata ba na ji." Daga nan aka wuce da shi Jidda, inda ake da ɗakin ƙarfe da ake rufe mai nutso a matsa masa iska, kamar an mai da shi ƙarƙashin ruwa, don kumfar ta narke. Kwanaki aka yi ana shigar da shi ana fito da shi. Auren kuwa an ɗaura a ranar. Wani ɗan baffansu aka wakilta, abin bai ɗauki minti biyar ba, kuma ba wanda ya ce auren bai ɗauru ba.

Ranar Asabar na sami mudir a ofis. Abin da ya fara cewa shi ne, "Alhamdu lillah ya sa hannu a takarda, kuma ba a jirginmu abin ya same shi ba." Ko ya jikinsa bai tambaya ba. Na ɗauki biro na rubuta layin nan da hannuna a kan takardun da ke teburinsa, ɗaya bayan ɗaya, yana kallo. Da na gama na ajiye masa biron da mabuɗin ɗakin kaya. Shi ya sa kuka same ni a wannan jirgin, ba wancan ba.

Amma maganar da ta fi ƙona ni a asibiti aka yi ta. Alhaji Sale ya same ni a baranda, idanunsa jajur. Na zaci haƙuri zai ba ni. Sai ya ce, "Kai da ka san abin zai kai haka, me ya sa ba ka hana mu ba?" Na buɗe baki in tuna masa fiffike, in tuna masa dariyar direbansa. Sai na rufe. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma rabin maganarsa gaskiya ce. A cikin mu huɗu da muka tsaya a bakin motar nan, ni kaɗai na san tabbas abin da zai iya faruwa, kuma na matsa gefe.

Nasiru ya tashi, Allah ya yi da sauran tafiyarsa. Ƙafar dama ta dawo, ta hagu yana jan ta har yau. A kan kujera yake salla. Mutumin da kowace Juma'a da ƙafarsa yake ɗawafi, yanzu a keken guragu yake yi a bene. Alhaji Sale ne ke tura shi, ba ya bari ma'aikatan Harami su karɓa, kuma ban taɓa jin sun yi maganar a tsakaninsu ba.

Abin da na koya ke nan. Aikin jagora ba ya ƙarewa a bakin tsani, don ruwan yana bin baƙo har gida. Mutanenmu kuma ba jahilci ke cutar da su ba, kunya ce: ƙani ba ya musa wa yaya, ma'aikaci ba ya musa wa mudir. A jirgi ana cire takalmi a ajiye a kwando kafin a shiga. Ku ajiye kunyarku tare da shi. Ku tambayi kowa inda zai nufa. Wanda ya ce Ɗa'ifa, ko uban wa ya zo ɗaukarsa, ku tsaya a gaban motar. Gara ya yi shekara ba ya gaishe ku da ya tambaye ku abin da Alhaji ya tambaye ni.