Harafi Ɗaya a Takardar Haruna

Ba na jin zan manta da safiyar da Malam Abdu ya shigo biro ɗinmu, wato ofishinmu, riƙe da takardun ɗansa a cikin tsumma. Lokacin ina sakatare a sashen rajistar ɗalibai na wata babbar makaranta a Yamai. Zamanin soja ne, fari ya cinye karkara, rediyo kuwa kullum tana cewa karatu kyauta ne.

Ku yaran yanzu ku gane yadda aikin yake. Yaro in ya ci bak, wato jarrabawar ƙarshen lise, babbar sakandare ke nan, sai ya haɗa dosiye: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta kotu, ta likita, da hotuna. Kowace sai an manna mata tambur, wato kan sarki na kuɗi, kowace kuma biro ɗinta daban. Ba wanda yake gaya wa iyaye wannan tun suna gida.

Malam Abdu manomi ne daga wani ƙauye a bayan Tawa. Sati biyu ya yi yana kwana a zauren wani ɗan garinsu a unguwar Talaje, shi da ɗan nasa Haruna, suna bin biro-biro a ƙasa. Na duba dosiyen, komai ya cika, sai abu guda. A takardar haihuwa an rubuta Aruna, a ta bak kuma Haruna.

Na kai wa direkta, na ce, "Mushe direkta, harafi ɗaya ne, kuskuren magatakarda. Uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya."

Ko kai bai ɗaga ba. "Ya koma Tawa kotu ta gyara. Juma'a muke rufewa."

Da na faɗa wa tsohon, sai ya ce, "Ɗana, san noma na sayar muka zo. Da kuɗin suka ƙare na aika aka sayar da irin gero. Yanzu me zan sayar?"

Raina ya ɓaci. Na koma na faɗa wa direkta haka. Ya ce, "Ka rage murya. So kake a ce a biro ɗina ake zancen yunwa? Wa ya karɓi ko dala a hannunsa? Karatu kyauta ne."

Na dawo teburina. Na buɗe babban littafin rajista na rubuta sunan Haruna da tawada, na ba shi lamba, na buga hatimi. Na ce wa uban ya je ya gyara takardar, ko yaushe ya dawo gurbin yana nan. A bayan motar kaya ya tafi, ya dawo bayan kwana goma sha ɗaya. Ni kuwa an ba ni takardar tuhuma, aka hana ni ƙarin girma shekara biyu. Ban yi nadama ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na baya. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika, Haruna bai samu gado ba. Kuɗin bursi, wato tallafin karatu da gwamnati take bayarwa, bai fito ba sai bayan watanni. Daga Talaje yake takowa kullum, littattafai aro, abinci sau ɗaya. Da damina ta faɗi, gidansu babu iri babu sa. Ya gama shekarar farko da maki mai kyau, ya zo ya tsaya gaban teburina ya ce, "Baba, ka ba ni takarduna. Ƙannena bakwai ne. Kwatano zan tafi neman aiki."

Na roƙe shi, na ce ya ƙara haƙuri. Ya yi murmushi kawai. Da hannuna na miƙa masa dosiyen, ban sake jin labarinsa ba.

Shekara talatin na yi a wannan aiki, ga abin da na koya. Mu ma'aikata mun iya ƙirga takardu, amma ba ma tambayar abin da aka sayar kafin su iso teburinmu. Kafin ka ce wa mutum "je ka dawo", tambaye shi daga ina ya taso.