Inna Habsu, Wadda Ta Sha Ɗacin Lemu A Gaban Jama'a

Rana ba ta ɗagawa sai ta iske Inna Habsu a lambunta na bakin gulbi, can bayan Nasarawa Burkullu. Ba da ban ruwa take farawa ba. Zagayawa take yi, ta tsinki lemu a wannan itace, ta gatsa, ta tofar, ta wuce na gaba. Tun lemun bai kai goro girma ba take wannan ɗanɗano, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta sa masa baki. Na taɓa gwadawa a gabanta. Har la'asar ɗacin bai bar maƙogwarona ba.

"Yana ƙarami ɗacinai ya fi ƙarfi," in ji ta, tana yi mini dariya. "In ya girma ya tara ruwa, sai ɗacin shi janye, shi koma ɓawo da ƙwallo. Amma kafin shi nuna sosai, akwai wani ɗaci da ka laɓewa ciki."

Tun rasuwar mijinta take riƙe da lambun nan. Bana gwiwoyi sun ƙi, ta damƙa shi ga 'yarta Rakiya. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da ta yi tun tana iya ji da kunnenta.

A shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara a ƙauyukanmu, an kwantar da jikarta Hidaya a asibiti, wadda aka kawo daga Tungar Guru. Inna Habsu ta bar lambu ta tafi jinya. Ƙarshen damina ne. Wani mai sayar da lemu a tasha, Nababa, tausayin yaran ya kama shi. Ya samo lemun farko-farko, ya matse cikin bokiti da hantsi, ya ɗanɗana ya ji lafiya lau, ya kawo sadaka. Hidima ta yi yawa, ba a raba ba sai bayan azahar.

Yaron da aka fara ba wa ya furzar, ya fashe da kuka. Uwarsa ta kurɓa, ta ji ɗaci kamar maɗaci.

"Guba ta!" ta ƙwalla. "Ɗiyanmu za shi ƙarasawa!"

Mutanen nan sun binne 'ya'yansu saboda gubar da ido ba ya gani. Nan take maza suka ci kwalar Nababa, wani ya ɗauko faskare. Yana rantsuwa, babu mai saurare.

Inna Habsu ta kutsa tsakiyarsu da Hidaya a goye. Ta ɗebi ruwan a kofi, ta shinshina, ta shanye. Ta ƙara na biyu. Sannan ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu.

"In guba ta, ni ka fara mutuwa. Ku sake shi mu gani."

Ta sa aka kawo ragowar lemun daga buhun Nababa, ta yanka ɗaya, ta matse, ta miƙa wa matar. Matar ta yi ta kallon kofin kafin ta kurɓa. Babu ɗaci.

"Lemu ɗaya na," Inna ta ce. "Wanda anka tsinke bai gama nuna ba, in an matse shi an aje, ɗacin da ya laɓe sai shi fito. Gaggawa ya yi, ba mugunta ba."

Har aka kira la'asar tana zaune, ana kallonta. Mai faskare ya sulale. Nababa ya durƙusa gabanta yana kuka.

Da lemunta ya nuna, buhu-buhu ta riƙa aikawa wa yaran, da saƙo ɗaya: a yanka a sha nan take. Ba ta taɓa cewa magani ne ba. Magani yana hannun likitoci, ita dai tana son bakin yaro ya buɗe ya karɓi abinci. Hidaya ta rayu, ko da yake magana ta yi mata nauyi har yau.

Na tambaye ta ko ta tabbata ba guba ba ce kafin ta sha.

"Na san ɗacin lemu, ɗana. Amma tabbas na Allah na. Ni dai na ga za a kashe mutum."

Inna Habsu, ke ce kika sa cikinki ya zama shaidar baƙon da ba ki san ko sunansa ba. Uwar lambu, mun gode. Allah Ya ba gwiwoyinki sauƙi, Ya sa ki daɗe cikinmu.

Mu kuwa, duk ranar da muka ga taro ya rufe wani bawan Allah, kuma mun san wani abu da zai cece shi, kada mu tsaya a baya muna kallo. Tsohuwa da goyo ma ta kutsa.