Shaidar da Na Hana Kakana

Makon jiya wani ɗan jirgi mai ɗaukar hoton biki ya bi ta kan gidanmu a Kalgo, yana ƙugi kamar ƙudan zuma. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki tsintsiya sai in aje, in na ɗora tukunya sai in manta da ita. Bari dai in faɗa maka, ko na samu sa'ida.

Kakana shi ne mai duban wata a ƙauyenmu, can wajen Maruda. In ya ce ya ga jinjirin wata, maigari ba ya ƙara tambaya, sai a tura mai keke Gwandu da labari. Ba shi da ko saniya ɗaya. Idonsa da maganarsa, su ke nan dukiyarsa.

Wata la'asar da rani, muna cirar albasa a fadama, warinta duk ya kama mana hannu, sai wani abu ya tsaya cak bisa kanmu. Faɗinsa kamar faifai, yana sheƙi, ba ƙara, ba hayaƙi. Ya daɗe, sannan ya yi yamma, kafin ka ce kwabo ya ɓace. Kowa ya gani. Ni ma, da kwando a kaina, na gani.

Mutane suka yi salati suka watse. Shi kuwa tsoho, duk abin da ya gani a sama amana ce a wurinsa, sai ya kai wa maigari. Magana ta yi gaba, ba a yi mako ba sai ga motar soja a ƙofar masallaci.

Inna ta ja ni bayan rumbu, ta murɗe min kunne. "Ke! In an tambaye ki, ba ki ga komi ba. Shaida ka kai mutum gaban hukuma a Birnin Kebbi."

Sojojin nan ba su ɗaga wa kowa murya ba. Babbansu ya zauna kan tabarma da littafi, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce yana duƙe, wancan ya ce ya tafi ban ruwa. Ikon Allah, fadama guda babu wanda ya ɗaga kai!

Kakana ya ce, "Ga jikata nan, tana gefena. Ku tambaye ta."

Sojan ya durƙusa daidai tsayina. "Yarinya, me kika gani?"

Na ce, "Ban ga komi ba."

Ya rubuta abin da zai rubuta, ya yi godiya, suka tafi. Gari kuwa ya yanke nasa hukuncin: idon tsoho ya yi yana.

Da azumi ya kawo jiki, kakana ya hau tudu kamar kullum, ya dawo ya ce ya ga wata. Maigari ya sunkuyar da kai, ya ce a jira wani ya gani. Washegari da hantsi Inna ta aike ni da furarsa. Ya dubi ƙwaryar, ya ce, "Mayar, ɗiyata. Ni na ɗauki azumi." Gari duka na ci, shi kaɗai ke azumi. Bai sake hawa tudun ba, bai kuma taɓa tambayata don me na ƙi faɗin gaskiya ba. Da ya zage ni, wallahi da ya fi min sauƙi.

Yau a rediyo da waya muke jin an ga wata, ba mai neman bakin wani tsoho. Duk waɗanda ke fadama ranar sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Na yi furfura, babu sojan da zai sake tambayata. Amma kai ka ji, ka kuma riƙe: kakana bai yi ƙarya ba. Na gani.