Sandar awon Goggo

Goggona, ƙanwar babanmu, masaƙiya ce a wani ɗakin saƙa da ke aika mayafan gado ƙasashen waje. Ba ta taɓa riƙe tef ba. Da sanda take awo, wadda mijinta ya yanka mata daidai kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kafin ya rasu. Dogo ne marigayin, irin wanda ƙofa ke gaisawa da goshinsa. Kamunsa huɗu mita biyu ne cif, shi ya sa ba wanda ya taɓa damunta.

In ta zo awo sai ta ƙwanƙwasa sandar a siminti ta ce, "Malam, miƙo hannu." Ni kuwa, da nake taya ta aiki a wurin, in ce, "Goggo, ki ce ya miƙo min ma, ko na shayi ne." Sai ta jefe ni da ƙwaryar zare.

Da aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da masu saye, komai ya koma santimita, ba kusan-kusan. Ran nan manaja ya shigo da mayafanta a kafaɗa.

"Baba, an dawo da naki. Duk sun gaza. Ko ki kama tef, ko ki bar mana kujerar."

"Hannun mijina bai taɓa ƙarya ba, ɗan nan."

Ta ja ni gida, ta ciro mayafin farko da ta auna da sandar, tun yana raye, don ta ƙaryata manaja. Muka shimfiɗa a tsakar ɗaki. Ta aza sandar sau huɗu, sai ga mayafi ya yi saura. Ta sake. Haka dai. Ashe ƙwanƙwasar shekaru ta cinye bakin sandar.

Bakina da ba ya zama shiru ya ce, "Goggo, Malam fa ramewa yake."

Ba ta jefe ni da komai ba. Ta shafa bakin sandar, ta ce a hankali, "Ashe kullum ni nake rage shi."

Washegari ta naɗe sandar a mayafin, ta sa a akwati, ta karɓi tef. Kujerarta tana nan, kayanta sun daina dawowa. Amma har yau in za ta ja tef ɗin, sai ta ɗan dakata, hannu a buɗe, kamar mai jiran a miƙo mata wani abu. A wannan lokacin ko ni ba na tari.