Makullin Rumfar Baba Idi Mai Faci

Ina cikin layin motoci a bakin iyaka, na dawo daga Maraɗi, wani ɗan dako ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, Baba Idi mai faci ya rasu." Na yi salati. Kafin in ƙarasa, ɗana Nura ya faɗo mini a rai.

Duk direban hanyar nan ya san Baba Idi ba ya sayar da sholisho, gam ɗin facin nan da yara ke shaƙa. A aljihun 'yar-shararsa yake ajiye shi. In gwangwani ya ƙare, wuta yake jefa shi, don kada yaro ya tsinta. Yakan ce, "Da taya da yaro, tun hujin yana ƙarami ake toshewa."

Dogon hutun bara, ina kan hanya, Nura ya shiga dako, aka koya mishi ƙwaya wai maganin gajiya. Gonarmu ta Gangara ba ta zuwuwa saboda rashin tsaro, balle in tura shi noma. Na doke shi har hannuna ya gaji, a banza. Baba Idi ya tare ni ya ce, "Ɗan nan, duka ba ya cika ranar yaro. Kawo mini shi."

Ya ba shi famfo da guduma. Kwano ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke salla. Kullum da safe yakan riƙe haɓarsa ya dubi idonsa ko ya sha wani abu, ya ce, "Yau ma kai namu ne." Haka ya riƙe yaran mutane da dama har aka koma makaranta, kuma bai taɓa tona asirin kowa ba.

Ga shi hutu ya sake zuwa. Jiya Nura ya ce, "Baba, karɓo mini makullin rumfar, zan ci gaba da aikin." Akwai sauran sholisho a ciki. Na dubi idonsa yadda marigayi ke yi, wallahi ban iya gane komai ba. Gobe kuma ina da lodi.

Allah ya jiƙan Baba Idi, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya marayunsa. Ya Allah, makullin yana hannuna, tsoro nake ji. Ka dubar mini idon yaron nan.