Ranar Da Baba Birki Ya Koma Kujerar Baya

Mijin yayata, wanda duk unguwa ke kira Baba Birki, shekara ashirin da bakwai ya yi yana koya wa mutane tuƙi. Ni ma shi ya koya mini, kuma kunnena na dama shaida ne, don shi yake murɗewa.

"Da'ira mai jan baki a allon titi doka ce, ba shawara ba," haka yake cewa. "Lambar da ke ciki ita ce iyakar gudunka. Ba a ce dole ka kai ta ba, cewa aka yi kar ka wuce ta. Mai kusurwa uku kuwa gargaɗi ne, kamar gyaran muryar suruki."

Nakan tsokane shi: "Yaya, kai fa ko mai keke wuce ka yake yi."

"Bar shi ya wuce, ma gaisa a asibiti."

Abin da ba mu sani ba, idonsa ya daɗe da fara tafiya. Yana gane siffar allo, amma lambar sai dishi-dishi. Sai ya haddace allunan garin kaf. Shekara biyu da ka yake karanta su, ko yayata bai gaya wa ba.

Wata Talata ya rage mini hanya, ina baya, wata malamar jinya da yake koya wa tana tuƙi. Muka shigo titin da aka buɗe sabuwar makaranta. Ya nuna allo da yatsa.

"Hamsin ke nan. Ƙara wuta kaɗan, 'yata."

Ta dubi allon, ta ce: "Baba, talatin ne. An canza shi."

Har na buɗe baki zan yi tsiya, sai na ga ya kai fuskarsa jikin gilashi yana ƙanƙance ido. Can gaba 'yan makaranta ne ke tsallaka titi.

"Tsaya a gefe," ya ce.

Ya sauka, ya taka har gindin allon, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Da ya dawo, ƙofar baya ya buɗe.

"Ƙanena, koma gaba ka ƙarasa mata darasin."

Likita ya ce jijiyar ido ce, tabarau ba zai yi magani ba. Motar tana ƙofar gida, tayoyin sun sace. Kullum da safe yakan goge mata gilashi, ya koma ciki.