Ni aka ɓoye a rumbu, Lawali aka bayar

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a Tirmini, kuma har yau in an ambaci sunansa sai fuskata ta canja. Mutane suna zaton kewa ce. Akwai kewar, amma rabi kishi ne. Karatun manya kawai na yi, ban iya lulluɓe magana ba, sai ku yi haƙuri da ni.

Lawali taubashina ne, ɗan gwaggota, maraya, a gidanmu ya tashi. Shekarar da gardi, dogarin Nasara, ya zo da umarnin kumandan, Baturen mulki, cewa gidanmu ya ba da yaro ɗaya a kai lakkol, wato makarantar boko, babana ya yi abin da iyaye suka saba yi a lokacin. Ya ɗaga ɗan da yake so ya jefa a rumbun hatsi ya rufe, ya miƙa ɗan 'yar'uwarsa. Ni ne na rumbu. Ina jiyo kukan Lawali ana jan sa, ina murna na tsira.

Da karatunsa ya yi nisa a Damagaram, sai aka riƙa ɗaukar su a hutun damina su yi istaj, wato koyon aiki, a garkar gwamnati inda ake renon itatuwa. Su ne masu zagawa da ƙananan 'yan lakkol da baƙi, suna nuna musu wannan gawo ne, wannan ƙirya, wannan kuma bedi ne, wato dogon yaro, da aka kawo daga nesa. Ran kasuwa a tura su ƙauyuka da dashe a bayan jaki. Haka ya dawo mana da wandon kaki da takalmi, ya tsaya a ƙofar mai gari yana gaya wa dattawa su daina cire 'ya'yan gawo a gona, gawo abokin hatsi ne. Maza suna gyaɗa kai, 'yan mata suna leƙe ta zana. Ni ina can gefe da hauya a kafaɗa.

Ya hango ni ya ce, "Ɓeran rumbu, zo riƙe mini jaki!"

Na ce, "Bawan Nasara, in ka gama wa'azin icce, noma na jiran ka."

Aka yi dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi. Amma jakin dai na riƙe.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ya dasa bedi a bakin kasuwa, ya ba kowane yaro iccensa ya riƙa ba shi ruwa. Bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya ɗauke shi, ko aure bai yi ba. Itatuwan sun kama, Inuwar Mushe Lawali ake ce wa wurin, Mushe ɗin nan Malam ke nan da Faransanci. Ni da na tsufa a gonar garin nan, ko kututture babu mai sunana. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, bedin nan sun sha taki daga wurina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana ɗana ne, Mutari, shi kaɗai ne namiji. Ni na kai shi lakkol da ƙafata. Yanzu yana karatun noma a jami'a a Yamai, amma kowace damina yana dawowa ya kama mini aiki, don bayana ya gaji. Bana sai ya durƙusa ya ce, "Baba, an zaɓe ni istaj a garkar jami'a, damina duka. Za mu riƙa koya wa yara itatuwa."

Na ce, "Gonar fa? Yaran Yamai ne za su nome mini ita?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, irin aikin Baba Lawali ne. Tun ina ƙarami nake so."

Baba Lawali! Mutumin da bai taɓa gani ba. Ni na ci da yaron nan, ni na ɗinka masa riga, amma mai inuwar kasuwa yake so ya gada.

Da Lawali zai leƙo yau, zai yi mamakin iyaye suna roƙo a ɗaukar musu 'ya'ya a lakkol. Zai yi baƙin cikin gawon da fari ya sa muka sassare wa dabbobi. Ni kuwa na san abin da zai ce mini: "Ɓera, kai ma rumbun za ka buɗe wa yaro?" Da na tuna haka sai na daina jin haushin babana. Ashe abin da ya ji ke nan ran da gardi ya zo.

Na ce wa Mutari ya tafi. Rabin gona zan noma, sauran ta huta. Da na raka shi shiga mota, a ƙarƙashin bedin nan muka tsaya jira, don babu wata inuwa a bakin hanya.

Allah ya jiƙan ka, Lawali, ya sa ka huta. Inuwa taka ce, suna naka ne, ga shi ka haɗa har da ɗana. Ni kuwa har yau jakin nake riƙe maka.